An Bar Masa Harshensa

Bukkuyum,
Yuli, 2002

Zuwa ga bawana Bilyaminu, na ɗakin ɗaukar hoto a babban asibiti, Ibadan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfin ambulan, kai da Safiya da yaranku, da fatan kuna lafiya. Kada ka yamutsa fuska don na ce bawana. Kakana Dabo da kakarka Iyatu ciki ɗaya suka fito, ni jikar namiji ce, kai jikan mace, saboda haka ko farar rigarka ta asibiti tana jan ƙasa, igiyarka tana hannuna. Mahaifiyarka Goggo Hure ta zo mana suna daga Anka. Lafiyarta lau, sai ƙafa da take ɗan taɓa ta.

Na sauka lafiya, an samu mace. Ina gidanmu wurin Inna, wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kuwa har ya fita raina. Ka san Inna, ko zaure na leƙa sai ta ce iska za ta shige ni. Ba ni taka ko'ina sai na yi arba'in, shi ya sa takarda ta zo maka maimakon ƙafata.

Maigidana, Malam Ƙarami, ba shi da lafiya. Tun kafin ruwa ya sauka yake ciwon kai, muka ce zafin bazara ne. Sai magana ta fara kuɓuce masa. Zai ce a miƙo buta, sai ya tsaya yana nuna ta da hannu yana cewa abin nan, abin nan. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Ran nan ya faɗi a masallacin Gummi yana jijjiga. Likitan Sakkwato ya ce ga dukkan alamu ƙari ne ya tsiro a cikin kansa, ta hagu, kusa da inda magana take fitowa, kuma masu buɗe kai sai can wajenku. Ya gargaɗe shi cewa ƙila a ba su zaɓi: a kwashe ƙarin gwargwadon iko, ya ƙara kwana amma harshe na iya tafiya, ko a ɗebi kaɗan a tsare harshe, abin ya dawo da wuri.

Kai da ka daɗe cikin Yarbawa ƙila ka manta aikinsa. Shi ke jan baƙi a tafsirin yayansa Malam Sambo, da muke ce wa Malam Babba, duk azumi, shi ya rera aya, Malam Babba ya fassara. Mutanen Gummi da muryarsa suke gane azumi ya kama.

Ya zo yi mini sallama, ya ɗauki jaririyar ya daɗe yana kallon ƙafafunta. Ya ce, "Naja, in an kai ga zaɓi, a hidda shi duka. Harshe na yi aiki da shi, ya isa. Ni ɗiyag ga nika son gani tana tahiya, ko da bebe nike."

Na ce ya gaya wa yayansa mana. Ya yi murmushi kawai. Malam Babba ne ya goye shi tun mutuwar mahaifinsu, bai taɓa ce masa a'a ba. Ni kuma matar ƙane ce, ban isa in tsaya gabansa in buɗe baki ba. Su biyun babu mai jin Turanci, kai ne za ka zama bakinsu a gaban likita. To ga amana na ɗora maka: in aka zo kan zaɓi, ka faɗi abin da mai kan ya ce. Za su taso da motar Makau direba, shi zai ba ka wannan.

Uwargijiyarka,
Naja'atu

Ibadan,
Agusta, 2002

Zuwa ga Naja'atu mai jego,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Mu duka lafiya, Safiya tana yi miki barka, ta aiko da 'yan riguna. Batun bauta kuwa, a bari sai kin fito daga tukunyar ruwan zafi mu yi shari'a, don ban taɓa ganin uwargijiyar da ake dafawa safe da yamma ba.

Baƙi sun iso lafiya, a gidana suka sauka a Sabo. Ni da kaina na ɗauki hoton kan maigidanki Malam Zayyad. Maganar likitan Sakkwato gaskiya ce, ƙarin yana nan ta hagu. Kafin ranar aiki jikinsa ya yi nauyi, barci ya yi masa yawa, bai cika gane masu shiga da fita ba. Amma ki kwantar da hankalinki, an yi aiki. Likita ya fito ya ce abin da aka shiga yi an yi shi lafiya, babu zubar jini, babu wata matsala.

Ga abin da zai faranta miki rai. Da ya farfaɗo, ruwa ya fara nema, da sunansa ya kira shi, bai ce abin nan ba. Washegari Malam Sambo ya ja masa farkon Tabaraka don ya gwada shi, sai ya karɓe ya kai ta ƙarshe. Ma'aikatan ɗakin, da Musulminsu da Kiristansu, tsayawa suka yi suna saurare. Malam Sambo ya juya baya yana share ido da gefen rawani.

Za su ƙara 'yan makonni a nan, ana gasa wurin da hasken wata na'ura don a danne abin. Gashin kansa zai zube ta gefen, kada ki tsorata. Akwai ƙwayoyin da za a haɗo shi da su, kada a bari su yanke.

Saƙonki yana raina, ban manta da shi ba. Ki ci gaba da addu'a. A gaida Inna, a shafa mini kan amarya.

Naki,
Bilyaminu

Gummi,
Oktoba, 2002

Bawana na kirki,

Sallama da gaisuwa. Yau dai na 'yanta ka na yini ɗaya, gobe ka dawo bakin aiki. Muna lafiya, na koma ɗakina, na koma makarantar da nake koyarwa. Ga man shanu da daddawa da kilishi nan wurin Makau, ka ƙirga kilishin a gabansa don bakinsa ba ya zama shiru a hanya.

Ban san da wane baki zan gode maka ba. Ranar da suka dawo ina tsakar gida ina shanya, na ji sallamarsa daga zaure, cikakkiya, da wannan muryar. Zanin da ke hannuna a ƙasa ya tsinci kansa. Na riga na shirya wa zama da bebe, Bilyaminu. Ina jego ina koya wa kaina yadda za mu riƙa magana da hannu. Sai ga shi Allah ya ba mu biyu, an cire ciwo an bar harshe. Takardarka na karanta ta har ta yage a naɗi, musamman inda ka ce saƙona yana ranka. Na ce wa Inna, kin gani, zumunta ba a nisa take lalacewa ba.

Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce shi dai bai san komai ba, ya yi barci a ɗaki ɗaya ya farka a wani. Na so in tambayi Malam Babba, kunya ta hana. Kai ma ba ka rubuta mini da baki cewa duka aka kwashe ba, amma muryarsa ta amsa mini.

'Yar baƙuwa ta fara zama in an tokare ta da matashi. Sunan da aka raɗa mata ka ji shi a bakin Goggo Hure, ita ce 'yar farina, ba na kama shi. Ubanta kuwa babu ruwansa da wannan. Kullum bayan la'asar sai ya tsayar da ita a kan cinyarsa yana cewa, "Taka, taka, mi kika jira?" Ina ce masa yarinyar da ko rarrafe ba ta yi ba. Ya ce shi dai sauri yake.

Wani lokaci da safe yakan dafe kai. Ina ce sauran ciwon aiki ne? Ka rubuto ka gaya mini. Yana ta tilawa, azumi ya matso.

Naja'atu

Gummi,
cikin azumi, Nuwamba, 2002

Bilyaminu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yarinya lafiya. Ban ga amsar takardata ta baya ba. Na yi ta ba ka uzuri, na ce aiki ne, na ce Makau ne ya yar. Yanzu na gane shirun.

Jiya bayan la'asar na je tafsiri. Muna zaune ta bayan masallaci inda mata suke zama, ƙarƙashin lasifika, yarinya tana bayana. Maigidana yana jan baƙi, muryar nan tana fita garau, wata tsohuwa kusa da ni tana kuka. Aka zo kan ayar dogaro ga Allah. Malam Babba ya fassara, sai ya ce bari ya kawo misali na kusa. Ga abin da ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba, don Gummi duka ta ji:

"Ku dibi yaron ga da ka ja muku baƙi. Can Kudu likitoci sunka ce a bari su ƙwaƙule mai kai duka, wai shi ƙara kwana, ko da harshe ya tahi. Nic ce a'a. Kwana na Allah na. Ku taɓa kaɗan ku bam mai harshenai. Sunka yi ta magiya, nic ce na gama magana. To ga shi yau kuna ji da kunnenku."

Masallaci ya ɗauki kabbara. Matan da ke gefena suka juyo suna yi mini barka, wata tana cewa kin yi dacen miji da yayan miji. Ni kuwa ji na yi kamar an ɗaga tukunyar jego an juye mini a ka. A lasifika na ji labarin kan mijina, tare da masu sayar da ƙosai.

Shi ma a nan ya ji, yana zaune gefen yayansa da Alƙur'ani a buɗe. Malam ya dakata don ya ja aya ta gaba, aka ji shiru. Sai da aka ce "ja mana" sannan ya ja.

Da ya shigo shan ruwa bai taɓa kunu ba. Ya kwance yarinyar daga bayana ya rungume. Na ce ka ji? Ya ce, "Na jiya. Yaya ya yi abin da yag gani daidai na." Can ya ce, "Amma Bilyaminu hwa? Na hwaɗa mai da bakina, ran da munka isa, yana ɗaukata hoto. Yac ce in sha kurumina."

Ashe amana biyu ka riƙe, tawa a rubuce, tasa baki da baki.

Na koma na karanta takardarka ta Agusta da sabon ido. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. An yi aiki. Abin da aka shiga yi an yi shi lafiya. Saƙonki yana raina. Ka zauna ka tsince kalmomi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, don in ci in ƙoshi ban ji komai ba. Na aika maka man shanu, Bilyaminu. Na yi maka addu'a a sujada da sunanka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka rubuto mini gaskiya tsirararta. Me likita ya ce? Nawa aka bari a ciki? Me ya rage mana? Kuma kai, da bakin nan naka da ya iya Turanci da Yarbanci, me ka ce lokacin da ake zaɓi?

Naja'atu

Ibadan,
Disamba, 2002

Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Barka da salla. Muna lafiya. Takardarki ta same ni, na kwana biyu ban iya ɗaukar biro ba. Kin nemi gaskiya, ga ta.

Ƙarin da ke kan Malam Zayyad mugun iri ne, mafi muni a cikin irinsa. An yanki ɗan guntu an duba, an tabbatar. Ba shi da iyaka kamar ƙurji da za a ɗauke gaba ɗaya. Kamar ƙiri-ƙiri yake a gona, ki nome sama saiwa tana ƙasa. Babu aikin da yake warkar da shi, wannan ki riƙe shi da kyau. Abin da likita ya ce shi ne, yawan abin da aka kwashe shi ne yawan jinkirin dawowarsa. Waɗanda aka kwashe musu kusan duka, aka bi da gashin na'ura, da yawansu suna cin shekara, wasu su ɗan gota. Waɗanda aka ɗebi kaɗan, yawanci ba su kai shekarar ba. Bambancin watanni ne. Kuma ya ce a wurin da nasa yake, in aka zurfafa, zai iya tashi babu magana, ƙila hannun dama ma ya mutu. A aikin da aka yi, abin da aka bari ya fi abin da aka ɗauka.

Ranar zaɓi Malam Zayyad ba ya cikin hayyacinsa. Likita ya ce wa ke tsaye a kansa, aka nuna yayansa. Na fassara masa hanyoyin biyu tsaf, ban karkata ko ɗaya ba, Allah ne shaida. Sai Malam Sambo ya ce, "Mahaddaci a mai da shi bebe? In mutuwa taz zaka, da mi za shi kalmar shahada?" Likita ya sake bayani, na sake fassarawa. Na buɗe baki na ce, Malam, akwai wata magana. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ɗana, aikinka kai magana da kawowa, kuma ka yi. Saura namu na."

Ki sa kanki a matsayina. Ni dangin mace ne, kuma na nesa. Shi uba ne ga mara lafiya, malami, baƙona, yana cin abinci a gidana. In ce masa matar ƙanenka ta aiko a yi saɓanin abin da ka ce? In ce ƙanen da ka goya ya bi ta bayanka ya gaya mini? Da aurenki zai girgiza, da Anka da Bukkuyum da Gummi sai an yi shekaru ana zancen rashin kunyar ɗan Hure. Ke da kike gida ɗaya da shi ba ki iya gaya masa ba. Mai kan ma bai iya ba. Sai ni? Kada a bar jaki a daki taiki.

Batun takardar Agusta, jego kike, nono kike bayarwa. Safiya ma ta ce kada in tayar miki da hankali. Na yi nufin in zo da kaina in gaya miki, hutu bai samu ba.

Na sake ganin likitan. Ya ce in har yana tafiya da ƙafarsa, a kawo shi a sake hoto, ƙila a iya komawa a ƙara kwashewa. Bai yi alkawari ba. Amma ku yi sauri, abin ba ya jira.

Ɗan'uwanki,
Bilyaminu

Gummi,
Fabrairu, 2003

Bilyaminu,

Sallama. Ni da yarinya lafiya. Shi babu lafiya.

Takardarka ta Disamba sai cikin watan jiya ta iso. Motar Makau ta lalace a hanya, ya bar ta a hannun makanikai ya bi wata mota Legas, takardar tana cikin aljihun motar. Ka ce mu yi sauri. Da ka faɗi wannan a Agusta, da ƙafarsa zai zo maka.

Tun goman ƙarshe na azumi ya fara tuntuɓe a aya, wani ɗalibi ya ƙarasa jan baƙin. Bayan salla abin nan, abin nan ya dawo. Yanzu ko abin nan ɗin babu. Hannun dama ya saki, ƙafar ma tana bi. Harshen da aka ajiye masa, ƙarin ya zo ya ɗauka da kansa, bai nemi izinin kowa ba.

Ka ce ni ma ban iya gaya wa Malam Babba ba. Gaskiya ka faɗa, kuma ta shige ni. Don haka na ɗauki takardarka na je zaurensa, gaban almajiransa manya, na durƙusa na karanta masa ita tun daga ƙiri-ƙiri har ƙasa, na haɗa masa da abin da ƙanensa ya ce a Bukkuyum. Ƙasa ba ta tsage ba. Aurena bai girgiza ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Don mi ba a hwaɗa min ba? Da na san shi yac ce haka, da ban tsaya gabanai ba." Ya yi kuka irin na tsofaffi, babu sauti. Ya sa aka nemo mota a ranar.

Sakkwato muka iya kaiwa. Likita ya duba shi ya ce ba zai jure hanyar Ibadan ba, ko ya jure ma, aikin ya zama ihu bayan hari. Ya ƙara mana ƙwayoyi ya ce mu koma gida.

Ka ji abin da ka ji tsoro. Dattijo ne da zai saurara da an gaya masa. Hannu kawai ya ɗaga maka, ba takobi ba.

Yarinya tana rarrafe, tana kama gado ta miƙe. Yana kwance yana bin ta da ido duk inda ta yi. In ta miƙe sai ya riƙa buga katifa da hannun hagu.

Naja'atu

Ibadan,
Maris, 2003

Naja'atu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Makau ya kawo mini labari. Allah ya jiƙan Malam Zayyad, ya sa Alƙur'anin da ya riƙe ya riƙe shi, ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Safiya tana yi miki gaisuwa.

Na san ranki a ɓace yake da ni. Ina roƙon ki tuna abu ɗaya: ko da an yi babban aikin, ƙarshen ɗaya ne. Na ga irinsu da yawa a ɗakin hoto. Watanni kaɗan ne tsakani, kuma watannin ma ƙila a kwance zai yi su, babu magana. A haka kuwa ya samu azumi guda da muryarsa. Ban ce na yi daidai ba, ban kuma ce na yi kuskure ba, Allah ne masani.

Na gaya wa Goggo ta zo ta zauna da ke kwana biyu. In na samu hutu da damina zan zo da kaina. Bawanki ne har yanzu, in kina so.

Bilyaminu

Bukkuyum,
Yuli, 2003

Bilyaminu ɗan Goggo Hure,

Wa alaikumus salam. Na karɓi gaisuwa, Allah ya ba da lada. Na fita takaba, na dawo gidanmu. Inna lafiya, an yi shuka, gero ya yi kyau. Goggo ta zo tun daga Anka da ciwon ƙafarta, ta ba ni haƙuri a madadinka. Na ce mata babu komai tsakanina da ita.

Na ƙi amsa maka ina cikin takaba don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Yanzu zuciyata ta kwanta, abin da zan faɗa na auna shi.

Kana so ka san yadda ya cika. Da hantsi ne, bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki. Malam Babba yana riƙe da kansa, ni ina gefe. Babu harshe, ka sani. Malam ya sunkuya yana laƙƙana masa kalmar shahada. Abin da ya guje wa ke nan tun Ibadan. Sai maigidana ya ɗaga manuniyar hannun hagu, ya riƙe ta a tsaye har rai ya fita. Malam Babba da kansa ya ce wa mutane a wurin zaman makoki, ya yi shahada, na gani da idona.

Ka ce ƙarshen ɗaya ne. Na sani. Ni ma na yi makarantar allo, na san kwana na Allah ne, kuma ban taɓa cewa ka kashe shi ba. Ƙila da an yi babban aikin ma a kan tebur zai tafi. Ƙila. Amma kansa ne, shi ya zaɓa, ya faɗa mini, ya faɗa maka. Bai ce a warkar da shi ba. Bai ce a ba shi azumi guda da murya ba. Abu ɗaya ya roƙa.

Yarinya ta yi tafiya. Ruwan farko bai sauka ba, ina zaune tsakar gida da kayan takaba ina tsince wake, tana riƙe da turmi. Sai ta saki. Ta tafi tana tangaɗi, hannuwa a sama, ba wurina ta nufa ba, ƙofar ɗakinsa ta nufa, inda ya saba tsayar da ita bayan la'asar. Ta kai, ta kama labule, ta leƙa ciki. Ko sadakar arba'in ɗinsa ba a daɗe da yi ba.

Kai ma'aikacin asibiti ne, ka iya lissafi. Ka rubuta mini cewa waɗanda aka kwashe musu, da yawansu suna cin shekara. Wannan watan ne shekara. Yau gudu take yi, tana bin kaji har zaure. Watanni kaɗan, ka ce. Su kaɗai ya nema.

Na yafe wa Malam Babba, don shi bai sani ba. Na daɗe ban yafe wa kaina ba. Kai kuwa ka sani, a rubuce da baki da baki, aka ɗaga maka hannu ka haɗiye. Sannan ka bar ni ina yi maka godiya har lasifika ta gaya mini. Kunya ce, in ji ka. Mu uku muka yi wa dattijo ɗaya kunya, mutum ɗaya ya biya. To ni na gama da ita. Mijina sunansa Zayyad. 'Yata sunanta Asma'u. Ga su nan na rubuta da hannuna, kuma in ta girma zan gaya mata abin da ubanta ya roƙa, da wanda aka ba saƙon.

In ka zo da damina, ƙofar Inna a buɗe take, za a ba ka ruwa, zan gaishe ka, don zumunci na Allah ne. Amma wasa ya ƙare. Ka ce kai bawana ne in ina so. Ba na so. Bawa akan aike shi ya isar. Na 'yanta ka.

Naja'atu, matar Zayyad